Tsagar da Ke Saman Ƙofar Kicin

Ranar da Auta ta fara ganinsa, rabinsa ta gani: ƙafafu biyu a kan tsani, sauran jikin ya shige silin ɗin gidan da ke manne da nasu. Gidan na sayarwa ne, mai shi ta koma wurin ɗanta, ta bar wa Auta makulli tana buɗe wa masu dubawa. Yawancinsu sukan leƙa falo, su ƙirga ɗakuna, su tafi. Wannan kuwa ya shafe awa guda yana ƙwanƙwasa bango da 'yar guduma kamar mai zaɓen kankana.

"Malam, saye ka zo yi ko rushewa?"

Ya sauko, saƙar gizo-gizo cike da gashinsa. Ya dube ta, ya manta abin da zai ce, sannan ya tuna.

"Saye. Injiniya ne ni, ba na yarda da gida sai na ji muryarsa."

"To, Mai Guduma, idan kun gama hira ka kulle ƙofa."

Rukunin gidajen ya shekara arba'in. Duk zubi ɗaya ne, bishiyoyi sun haɗe kai a saman titunan, waɗanda suka shigo suna amare yanzu jikoki suke rakawa makaranta. A nan aka haifi Auta. Mahaifiyarta ta rasu, yayyenta sun watsu, saura ita da Baba. Ta riga ta faɗa wa kowa ba za ta yi auren da zai nisanta ta da shi ba. Wannan magana ta kori samari fiye da yadda kare zai kora.

Shi kuwa Injiniya sai ya ce gidan na buƙatar dubawa ta biyu, da ta uku, har ta bakwai. Saƙonni suka fara shigowa.

"Maƙwabciyata, yau na auna tazarar tagar kicin ɗina da taku. Taku tara ne. Ya yi mini nisa."

"Ba ka sayi gida ba, har ka fara ƙorafi? Ka ci abinci, Mai Guduma."

Tana son shi, ta kuma san hakan tun dubawa ta uku.

Wata Asabar Baba ya dogara sandarsa ya shigo ya ga mai neman gidan. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya so ya burge surukin gobe da iliminsa. Ya nuna danshin da ya cinye bangon baya, ya nuna tsagar da ke saman ƙofar kicin.

"Wanda ya gina gidajen nan, Baba, da ido ɗaya ya yi aiki."

"Da biyu na yi," in ji Baba.

Auta ba ta taɓa gaya masa ba. Kowa a unguwar ya san Baba ne shugaban maginan da suka ɗora kowane bulo a wurin, har ta manta akwai wanda bai sani ba. Magana zarar bunu ce. Baba ya juya, a bakin ƙofa ya ce wanda ya raina aikin hannunsa ba zai zauna a cikinsa ba, balle ya auri 'yarsa. Ba a kuma sayar da gida a rukunin sai an ji ta bakinsa.

A makon ne wani ɗan kwangila ya ɓullo, yana son gidan, yana son Auta. Kullum da yamma yana barandar Baba yana yabon gininsa. Dillali kuma ya tsegunta wa Auta cewa Injiniya ya janye. Kwana goma ba saƙo. Ta rubuta ta goge, a ƙarshe ta tura:

"Idan ka fasa, ka faɗa mini da bakinka. Ba na son ji a wurin dillali."

"Ban fasa ba, zuciyata. Kunya ce ta hana ni magana hannu rabbana. Gobe ki ce wa Baba ɗalibi na sallama."

Ashe gida-gida ya bi yana tambaya. Ya gano danshin bai taɓa kowane gida ba, sai waɗanda aka shafe bayansu da siminti daga baya. Ya nemi izinin mai gidan, ya zo da diga da shebur, ya tsaya gaban Baba.

"Baba, ina zargin akwai magudanar ruwa a ƙarƙashin simintin nan. Ban san inda take ba. Kai ka sani."

Baba ya yi kamar bai ji ba, Injiniya ya fara sara inda ya zata. Amma magini ba ya iya zama ana tona gininsa a inda ba daidai ba. Da ya ji sara na uku sai ya miƙe.

"Kai, ba nan ba! Taku bakwai daga kusurwa."

A taku na bakwai suka same ta, lafiya lau, siminti ne kawai ya toshe bakinta. Injiniya ya ajiye diga ya durƙusa cikin taɓo.

"Na yi kuskure, Baba. Ka yafe mini."

"Na ji. Tsagar kicin fa? Ita ma laifin masu siminti ce?"

Auta ta ƙura masa ido tana roƙonsa a zuci ya ce e. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da gidan, da ita. Injiniya ya ɗago kai.

"A'a, Baba. Wannan kam lintar da ke riƙe da saman ƙofar ce ta yi gajarta."

Baba ya zauna a kan bulo.

"Gidaje shida na yi wa haka, shekarar da rodi ya yi wuya," ya ce a hankali. "Kullum na wuce su sai na sunkuyar da kai, ba wanda ya taɓa faɗa mini. Jiya wancan ɗan kwangilar ya tsaya a ƙarƙashinta yana rantsuwa bai taɓa ganin gini kamarsa ba, alhali na ji rushe shi zai yi ya ɗora bene." Ya dubi Auta. "Wanda bai ɓoye mini wannan ba, ba zai ɓoye miki komai ba. Ka turo manyanka."

Kafin biki, su biyun suka bi gidaje shidan suka canza linta, tsoho na ba da umarni, injiniya na ɗaukar siminti. Aka ɗaura aure bayan wata huɗu, unguwa ta cika da 'ya'yanta da suka daɗe da tashi.

Da aka zo raka amarya, motoci sun jeru a titi, Baba ya ce ba a buƙatarsu. Ya ja hannunta zuwa katangar da ta raba gidajen biyu, ya yaye labulen da ya rataya a wurin. Ƙofa ce sabuwa, shi ya fasa ta da hannunsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya," ya ce. "Wuce gidanki, Auta. Idan na yi tari za ki ji."