Surukar Fasto Maidaji

Mas'uda ta sauke tukunyar miya, ta jingina da bangon ɗan ƙaramin kicin ɗinsu. Tun safe take tsaye a shagonsu na kasuwar Tianxiu da ke Guangzhou tana fama da masu sarin gyale, ga tsohon ciki. Daga falo muryar surukinta ke tashi, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

"Dogara, ka ba ni amsa. Annabi Mika ya faɗi garin da za a haifi Almasihu tun ba a haifi kakannin Maryamu ba. A ina aka haifi Yesu in ba a Baitalami ba?"

"Baba, don Allah ka bari in ci abinci," in ji mijinta a gajiye.

Baba Maidaji tsohon fasto ne daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Ɗansa Dogara ya musulunta tun yana jami'a a Kano, ya koma Abdulrasheed, daga baya ya haɗu da Mas'uda suka yi aure. Tsohon bai je bikin ba, kuma har yau gani yake ita ta raba shi da ɗansa. Yanar ido ce ta kawo shi Guangzhou don a yi masa aiki. Tun da ya sauka, in ta durƙusa ta gaishe shi sai ya kau da kai.

Ranar nan da ta shigo da tire, a gabanta ya ce wa ɗansa, "In an gama aikin nan tare za mu koma gida. Ita kuma ta san hanyar gidan ubanta."

Abdulrasheed ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Wannan shirun ya fi maganar yi mata ciwo. A ɗaki ta yi kuka har ta gaji.

"Ko kalma ɗaya ba za ka ce ba?" ta tambayi mijinta da ya shigo.

"Me zan ce, Mas'uda? Ke matata ce, babu mai raba mu. Shi kuma ubana ne, yana shirin makancewa. Wallahi na gaji."

Da labarin ya kai kunnen yayanta Abdulhakeem, wanda ke aikin tura kwantena a bene ɗaya da su, ya same ta a shago.

"Wa'azin coci kullum a falonki, sannan a ce a sake ki? Haɗa kayanki ki dawo wurina."

"Yaya, in na tafi wa zai dafa masa? Abincin Sin ba ya iya ci."

Abdulhakeem ya yi tsaki ya fita.

Aka yi aikin, aka naɗe masa idanu da bandeji. Wata rana da la'asar, Abdulrasheed yana kasuwar Baima wurin lodin kaya, ta jiyo tsohon yana karatu da ka. Ya fara, ya tsaya. Ya sake farawa, ya kakare a wuri guda. Da ta leƙa, yana ta shafa Littafinsa Mai Tsarki a cinya.

Ta daɗe a tsaye kafin ta ce, "Baba, in karanta maka?"

Sai ya miƙo littafin. "Wurin Ishaya. Akwai alama."

Ta zauna a ƙasa, ƙafafunta a kumbure, ta karanta masa labarin wani bawan Allah da aka raina, aka ji masa rauni saboda laifin wasu, aka kai shi kamar rago wurin yanka bai ce uffan ba.

"Yahudawa sun ce al'ummarsu ake nufi," in ji shi a hankali. "Mu mun ce Yesu ne, ranar da ya tsaya gaban mai shari'a ya yi shiru. Ke kin gaskata?"

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na yarda Annabi Isa shi ne Almasihu, kuma Maryam ta haife shi ba tare da namiji ba. Amma ban yarda an gicciye shi ba. A nan muka rabu."

"To me ya sa kika karanta?"

"Kai ka haifi mijina. Kuma na ga abin ya dame ka."

Bandejin tsohon ya fara jiƙewa. Ta ce likita ya hana kuka, shi kuwa ya ɗaga mata hannu.

"Duk rayuwata ina wa'azin wanda aka zalunta bai buɗe baki ba. Yau ga ni a gidan nan, ni ne mai zaluncin. Ki yafe mini."

Ita ma hawaye suka zubo mata. "Ba ka yi mini komai ba, Baba."

"Na yi. Kar ki rufa mini."

Bai bar addininsa ba, ba su bar nasu ba. Har ya tafi yana faɗa wa ɗansa a fili cewa ba zai daina yi masa addu'a ba. Amma gardamar kan abinci ta ƙare. A filin jirgi, yana gani tangaran, ya riƙe hannun Abdulrasheed.

"Ka riƙe matar nan da kyau. In ka saɓa mata, ni da kai ne. In ta sauka lafiya ku kawo mini jikana."

A mota Mas'uda ta kwantar da kai a kafaɗar mijinta, barci ya kwashe ta tun ba su fita daga filin ba.

Da ta biye wa fushi ta bi yayanta, da auren ya mutu, tsohon kuma ya koma da ƙiyayyarsa. Ba ta ci shi da gardama ba, ba ta kuma ɓoye abin da ta yi imani da shi don ta faranta masa ba. Haƙuri da kyautata wa iyayen miji, ko da addini ya bambanta, su suka tsare mata gidanta.