Cocin Ƙarshe na Farfesa Pennock

Da safiyar Talata, ana yayyafi kamar kullum, aka kira Sufeto Moira Catchpole zuwa ƙauyen Wendlesby. An tsinci gawa a gindin matakalar hasumiyar coci.

Ba ta yi gaggawa ba. Wanda ya mutu ba inda za shi.

Mamacin Farfesa Aubrey Pennock ne, editan littattafan nan masu koren bango da ke bayanin tsofaffin gine-gine, lardi bayan lardi. Duk mai yawon coci-coci yana da ɗaya a mota. Ƙa'ida guda ce ta ɗaga su: ba a rubuta ginin da edita bai gani da idonsa ba. Sunansa kaɗai ke kan bango, kuma wannan cocin shi ne na ƙarshe a littafi na ƙarshe.

Yana kwance a takure, wuya a karye. Sufeto ta tsuguna. Madubin hangen nesa na rataye a ƙirjinsa, murfin ya manne har sai da ta sa farce. Tocilarsa ba batir. Tafin hannunsa na hagu fari fat da ƙurar bango, na dama kuwa tas.

"Hannu ɗaya a bango," ta ce a ranta. "Ɗayan fa, me ya dafa?"

Makullin cocin na wurin Thirza Loades, tsohuwar da ƙofarta ke kallon maƙabarta. Haka ake yi a nan: kana son shiga, ka ƙwanƙwasa wa mai makulli, ka sha surutu.

"Shi kaɗai ya zo?"

"Shi kaɗai na gani, 'yar nan. Jiya da rana. Na miƙa makulli nan, ya miƙa hannu can. Na ce oh ni Thirza, Farfesa guda, rana tsaka an yi tatul!"

"Kin ji warin giya?"

"Ko alama. Minti yake tsotsa."

"Motarsa fa?"

"Tana bayan shinge tana ta gurnani."

"Ya baro ta a kunne ke nan?"

"To ni na sani? Da bai dawo ba na ɗauka ya tura makullin ƙarƙashin tukunyar fure, yadda suka saba. Sai da safe na je sauya furanni na gan shi. Sha shayinki, zai huce."

Motar na nan inda aka bar ta. An tura kujerar direba baya har ƙarshe. Farfesa kuwa gajere ne.

A gidansu na Norwich, Misis Pennock ta karɓe ta ido a bushe. Ta zauna tana kallon bango kamar mai jiran bas.

"Wa ya kai shi Wendlesby?"

"Shi ya tuƙa kansa."

"Idonsa lafiya?"

"Garau."

Sufeto ta dubi ɗakin. Kujeru duk an jingine su da bango, tsakiya fayau. Agogon kan teburi an cire masa gilashi. Ta taga tana hango igiya da aka ɗaura daga ƙofar baya har ƙarshen lambu.

"Misis Pennock, yaushe ya makance?"

Matar ta ɗauke ido daga bango ta dube ta.

"An daɗe," ta ce. "Idan maganar ta fita, littattafansa na baya-bayan nan sun zama takardar ƙunshe kifi da dankali."

"Wa ke gani masa?"

"Leonard Garside. Shi ke tuƙi, shi ke dubawa, ya faɗa, Aubrey ya gyara jimlar. Makulli kaɗai yake zuwa karɓa da kansa, don a ce an gan shi."

"Sunan Garside yana cikin littafin?"

"Yana shafin godiya. Wanda ya tuƙa mota."

Garside dogo ne, furfura ta fara cin kansa, rigar sanyinsa ta ƙoƙe a gwiwar hannu. Sufeto ta same shi a ofishin maɗaba'a yana zaune, ba ya komai.

"Ina kake jiya?"

"Gida. Mura."

"Ka san cocin Wendlesby?"

"Ban taɓa taka shi ba. Mako mai zuwa muka shirya."

"To zo ka raka ni. Rahoto zan rubuta, ban san sunan komai a coci ba."

Ya ɗauki hularsa ya bi ta.

Cocin da sanyi, ga warin danshi. Sufeto ta tsaya a gindin matakala ta ɗaga kai.

"Ni abin da ya ɗaure mini kai, me tsoho zai nema a sama? Na hau. Kashin tantabaru ne, sai wata azara bayan ƙararrawa, sabuwa ce, ta kwanan nan. Aikin inji."

Garside ya ɗaga kai ya dubi matakalar.

Sufeto ta daɗe cikin mutanen nan, ta san halinsu. Ka taka ƙafar mutum, shi zai ba ka haƙuri. Amma ka rage wa ginshiƙi shekara ɗari, wallahi ka taro faɗa.

"Haka zan rubuta," in ji Sufeto. "Sabon katako, ba wani abu."

"Ba inji ba ne." Garside ya juyo gare ta. "Saran gizago ne. Ta girmi hasumiyar kanta. Ki zagaya bayanta, akwai fuskar mace da aka sassaƙa, har da sauran jan fenti a leɓe. Ba littafin da ya taɓa ambatonta. Ba wanda ya..."

Ya tsaya.

"Daga ƙasa ba a hango ta, Mista Garside."

"A'a," ya ce. "Ba a hangowa."

Ya zauna a bencin masu ibada, ya ɗora hular a gwiwa. Bai yi kuka ba. Yana magana kamar mai karanta lambar mota.

"Na tsuguna cikin kashin tantabaru na gan ta. Tun da nake ban taɓa samo abu irin wannan ba. Na kama hannunsa na ɗora a kan fuskar. Ya shafa, ya shafa, ya ce, 'Madalla, Leonard. Za mu ce editan ya yi sa'ar gano ta.' Na ce Farfesa, littafin ƙarshe ne, ko sau ɗaya a sa sunana. Ya yi dariya. Ya ce mutane ba direba suke saye ba."

"Sai ka tura shi."

"Ban taɓa shi ba. In za mu sauka ina gaba, hannunsa na dama a kafaɗata, ina faɗa masa kowane mataki. A inda dutsen ya cinye, sai na yi shiru. Na janye kafaɗata."

"Daga nan?"

"Na tsallake shi na fita. Na hau bas."

"Me ka ji?"

"Ba komai. Har yanzu jira nake in ji."

Sufeto ta faɗa masa laifin da ake tuhumarsa da shi. Ba ta sa masa ankwa ba, ba ta ga amfanin hakan ba. Tausayinsa ya ɗan taɓa ta, sannan ya wuce.

Thirza na bakin shinge da makulli a hannu, karon farko bakinta a rufe.

A ƙofar cocin akwai dakali ɗan ƙarami da ake sauka. Garside ya rage tafiya, ya sassauta kafaɗarsa ta dama, ya juya kai kaɗan.

"A kula, Farfesa, akwai mataki," ya ce.

Ba kowa a bayansa. Sufeto ta jira har ya sauka, sannan ta buɗe masa ƙofar mota.