Ƙafafun Aro

Ranar da Chizuru ta fara ganin Takuma, jirgin ruwansa ne ya zo kwasar mutanen tsibirinsu zuwa Nagasaki ziyarar ibada ta shekara mai tsarki, wadda cocinsu ke yi sau ɗaya a shekara ashirin da biyar. Kowa ya shiga, ban da ita, don mahaifinta, Baba Genzo, na kwance a gida, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa.

"Ke fa? Ko tsoron ruwa kike?" in ji Takuma, matuƙin.

"'Yar masunci ce ni. Ja jirginka."

Ya tafi yana dariya, ya bar ta a bakin ruwa ita da kyanwoyin gari. Sa'o'inta duk sun koma birni tuntuni, wani lokaci takan wuni ba ta ji muryar kowa ba sai tarin mahaifinta.

Tun daga nan Takuma ya riƙa samun dalilin zuwa, yau kifi, gobe magani. Saƙonsa na waya kuma ba ya yankewa: "'Yar tsibirina, na wuce ta gabanku, na ga shanyarki ban gan ki ba. Wunin ya lalace."

Da Baba ya ji Takuma ɗan gidan masu bin addinin Buddha ne, sai ya juya fuska bango.

"Kakanninmu a kogo suka ɓuya saboda irinsu. Ga ɗan katikis ɗin cocinmu can birni yana sonki. Wannan kuwa, ƙafarsa ba za ta taka cocinmu ba ina raye."

Ta rubuta wa Takuma: "Ka daina zuwa." Ya amsa: "To, Chizu." Kalmomi biyun nan sun fi zagi yi mata ciwo. Lokacin kaka ya wuce, tana jin ƙarar jirginsa daga nesa ba ta leƙawa.

Shekarar ta zo ƙarewa. Cocinsu na kan tudu yana cikin waɗanda aka ware don ziyara, amma matakalar dutsen ta fi ƙarfin tsoho, garin kuma ba saurayi ko ɗaya. Wata safiya ta tarar da Baba riƙe da carbinsa yana hawaye.

"Ba zan ga wata shekarar irin wannan ba, Chizuru."

Ta fita waje ta kira lambar da ta kasa gogewa.

Takuma ya zo, ya goya Baba. Har saman tudu tsohon sai huci yake kamar shi ke ɗauke da kayan. A ƙofar coci, inda ake cire takalma, Takuma ya tsaya cak.

"Baba, nan ce iyakata. Kai ka faɗa."

Chizuru ta dubi mahaifinta. Iska na kaɗawa, ƙofa a buɗe, ga fitilar bagade can ciki. Baba ya dubi ƙafafun Takuma, ya ce:

"Kai, yaron nan akwai riƙo. To cire takalmin mana. Yau ai ƙafafuna ne."

Da bazara Fada ya ɗaura aurensu a cocin, bayan an samo izinin bishop. Ango ne ya hau da surukinsa a baya, amarya na biye tana riƙe da lulluɓinta tana dariya da kuka lokaci guda.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Baba daga kan kafaɗarsa. "Bi a hankali, ɗana, akwai sauran saukowa."