Saƙon da Ruwa Ya Cinye

A unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala, an yi wata yarinya 'yar shekara goma sha uku. Tana da ƙoƙari a makaranta, kuma ta san tana da ƙoƙari. Idan malami ya yabe ta sau ɗaya, sai ta maimaita yabon sau uku a gida.

Babanta yana da shagon kwafin takardu a ƙofar gida. Akwai layin intanet a shagon. Akwai kuma wata tsohuwar kwamfuta da aka daina amfani da ita, mai ƙara kamar injin niƙa.

A shekarun nan ne rikici ya yi tsanani a can arewa, wajen iyaka. Mutane da yawa sun bar ƙauyukansu a guje. Wasu sun iso har Duwala. A wurin gudu, uwa ta rabu da ɗa, wa ya rabu da ƙane.

Cikin waɗanda suka zo har da wata dattijuwa, Iya Hapsatu. Tana soya makala a gaban shagon Baba, wato fanke irin na nan. Ɗanta Hamadu ya ɓace mata tun ranar da suka gudu daga ƙauyensu kusa da Mora. Shekara biyu ke nan. Duk baƙon da ya sauko daga arewa, sai ta tambaye shi ko ya ga Hamadu.

Abin yana ba yarinyar tausayi. Wata rana ta sami Malam Jibirin, mai koya musu kwamfuta a makaranta.

Ta ce, "Malam, ina so in buɗe shafi a intanet. Zan riƙa sa sunayen mutanen da ake nema. Wanda ya gani, sai ya rubuto."

Malam ya ce, "Tunani mai kyau. Amma shafi ma yana bukatar ɗaki, kamar mutum. Ko ki ba wani kamfani ya ajiye miki shi, ko ki ajiye shi a kwamfutarki."

Ta ce, "A tawa nake so. Babana yana da wata tsohuwa."

"To, ki sani ke ce mai gida, kuma ke ce mai gadi. In ta lalace, ba wanda za ki kai wa ƙara."

Ranar Asabar Malam ya zo shagon. Ya goge kwamfutar, ya sa mata manhajar yin shafi, ya haɗa ta da layin intanet. Ya ce a zaɓi suna gajere wanda ba ya wuyar tunawa. Suka sa masa Cigiya New Bell.

Da aka zo kalmar sirri, yarinyar ta buga ranar haihuwarta.

Malam ya yi dariya. "Wannan ai duk 'yan ajinku sun san ta. Nemo doguwa, ki gauraya haruffa da lambobi."

Ya gyara shafin yadda saƙon baƙi ba zai fito fili ba sai ta karanta tukuna. Ya ce kada ta sa sunan kowa ko hotonsa sai ta nemi izinin danginsa. Sannan ya ciro wani ɗan ƙaramin abu daga aljihu, ya miƙa mata.

Ya ce, "Ga kile, ɗan abin adana bayanan kwamfuta. Duk ranar da kika yi aiki, ki kwafe shafin gaba ɗaya a ciki. Kuma wannan kwamfutar ta tashi daga ƙasa. Kin san halin ruwan unguwar nan."

Ta ce, "To, Malam."

Teburan shagon duk sun cika da injunan Baba, don haka aka tura tata ƙarƙashin tebur. Ta ce gobe za ta nemo benci ta ɗora ta. Gobe ta zo ta wuce, benci bai zo ba.

Shafi kuwa ya karɓu. Cikin wata ɗaya sunaye sun kai arba'in da biyu, har da na Hamadu. Wata mata ta sami ƙanwarta a Garwa. Wani tsoho ya sami jikokinsa biyu. Masu bensikin, wato 'yan acaba, suka fara ɗaga mata hannu suna cewa, "Injiniya, sava?" wato ya kike.

Baba ma ya ji daɗi. Duk wanda ya shigo kwafin takarda sai ya ji labari. "Uwata ce ta yi shi da kanta," in ji shi, domin da haka yake kiranta.

Nan fa kan yarinya ya kumbura. Kullum tana duba mutum nawa suka leƙa shafin. Yau ta canza launinsa zuwa kore, gobe ta mayar da shi shuɗi. Kile kuwa yana can ƙasan jakarta, tare da ɓawon gyaɗa, ba komai a cikinsa.

Wata Alhamis, bayan ta taso daga makaranta, ta tarar da sabon saƙo. Wani mutum ne daga Marwa. Ya ce yana sayar da albasa a kasuwa tare da wani saurayi mai suna Hamadu, ɗan wajen Mora, mai tabo a hannun hagu. Ya ce sunan uwarsa Hapsatu. A ƙasa ya bar lambar wayarsa.

Yarinyar ta miƙe tsaye. Ta ƙofar shago tana hango Iya Hapsatu tana juya makala. Taku goma ne kawai tsakaninsu.

Sai wani tunani ya zo mata. Ranar Litinin za a yi taron iyaye a makaranta, kuma an ce ta nuna shafinta. In ta bari sai ranar, ta kawo Iya, ta buɗe saƙon a gaban kowa, ai tafi sai ya cika ɗakin.

Ta ce a ranta, "Kwana huɗu ne kacal." Ta koma ta zauna. Ba ta gaya wa kowa ba. Ba ta rubuta lambar a takarda ba.

Ranar Asabar suka kulle shago, suka tafi bikin suna a unguwar Ndogpassi. Ana cikin cin shinkafa hadari ya taso. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun azahar har bayan la'asar.

Da suka dawo, kwatocin unguwa duk sun cika sun tumbatsa. Baba ya buɗe shago, ruwa ya kai masa ƙwauri. Injunansa suna kan tebur, ba abin da ya same su. Kwamfutar yarinyar kuwa tana kwance cikin ruwan laka.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta.

Washegari Malam Jibirin ya ɗauki kwamfutar zuwa wurin wani mai gyara a unguwar Akwa. Ya dawo da yamma yana girgiza kai.

Ya ce, "Ta mutu, har da abin da ke cikinta. Amma ba komai. Kawo kile, mu mayar da shafin."

Ta kau da kai.

Ya ce, "Ina kile?"

Ta ce a hankali, "Ban taɓa sa komai a ciki ba, Malam."

Malam ya dubi Baba. Sai kuka ya ƙwace mata, ta faɗa musu labarin saƙon Marwa, da dalilin da ya sa ta ɓoye shi.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ya ce, "Uwata, matar nan shekara biyu tana jira. Kika ƙara mata kwana huɗu don a tafa miki?"

"Na yi kuskure, Baba."

"Ba ni za ki gaya wa ba. Ga ta can."

Yarinyar ta fita. Ta durƙusa gefen kaskon Iya Hapsatu, ta faɗi komai, ba ta rage ko ɗaya ba.

Iya ta ajiye matsamin da ke hannunta. Makala yana ƙonewa a cikin mai, ba ta kula ba.

Ta ce, "Mutumin ya ce ya gan shi da idonsa?"

"Ya ce tare suke sayar da albasa, Iya."

"Ashe yana da rai." Hawaye suka zubo mata. Ta kama hannun yarinyar. "Lambar fa, 'yar nan? Ko rabi ba ki tuna ba?"

"Na tuna da shida ta fara."

Iya ta saki hannunta. Ko ita da ba ta yi boko ba ta san duk lambobin wayar hannu a ƙasar nan da shida suke farawa.

Ta ce, "Tashi ki je. Allah ya sa ya sake rubutowa."

Ranar Litinin ba a nuna shafi a taron iyaye ba. Yarinyar ta sami Malam bayan an tashi.

Ta ce, "Malam, za a iya sake gina shi?"

Ya ce, "Sunan shafin yana nan, ruwa bai taɓa shi ba, domin ba a cikin kwamfutarki aka yi rajistarsa ba. Wanda ya nemi Cigiya New Bell zai same mu. Amma sunayen mutane, sai kin sake nemo su da ƙafarki."

Malam ya kawo wata tsohuwar kwamfuta daga gidansa. Wannan karon bai taɓa ta ba. Ya zauna gefe, ita ta haɗa komai, yana gyara mata in ta kauce. Baba ya kafa katako a bango, can sama, aka ɗora kwamfutar.

Kullum bayan makaranta sai ta ɗauki littafi ta bi gida-gida. Ta yi sallama, ta ba da haƙuri, ta sake rubuta suna. Wasu sun yi mata addu'a. Wata mata ta harare ta, ta ce, "Ke ce injiniyar da ruwa ya kora?" Ta haɗiye, ta ce ita ce.

Duk sunan da ta sa a shafi, kafin ta tashi sai ta kwafe a kile. Ranar Juma'a kuma ta kwafe a wani kile na biyu, ta kai wa Malam ya ajiye a gidansa.

A can saman shafin ta rubuta da manyan haruffa, da Hausa da Faransanci: "Bawan Allah mai sayar da albasa a Marwa, saƙonka ya ɓace saboda sakacina. Don Allah ka sake rubutowa. Uwar Hamadu tana jira."

Malam ya ce, "Kin tabbata za ki bar kalmar sakacina? Kowa zai gani."

Ta ce, "Gaskiya ce, Malam. A bar ta."

Kwana uku, shiru. Mako guda, shiru. Kullum da safe tana wuce Iya Hapsatu, ta gaishe ta. Iya ta ɗago kai ta dube ta. Yarinyar ta girgiza kai. Wannan kallon ya fi bulala zafi.

A rana ta goma sha ɗaya, da la'asar, saƙo ya shigo. Mutumin ne. Ya ce ya yi ta neman shafin bai samu ba, har ya fid da rai, sai yau ya sake gwadawa. Ga lambar nan a ƙasa.

Yarinyar ta rubuta ta a littafinta. Ta sake dubawa lamba ɗaya-ɗaya. Sannan ta ce, "Baba, ara mini wayarka," ta fita a guje ko takalmi babu.

"Iya, ya rubuto. Ga lambar."

Baba ya biyo ta, ya danna lambar. Mutumin ya ɗauka, ya ce a ɗan jira. Ana jin hayaniyar kasuwa ta cikin wayar. Can sai wata murya ta ce, "Alo? Wane ne?"

Iya Hapsatu ta riƙe wayar da hannu biyu. Maganar da ta tanada shekara biyu duk ta gudu.

Ta ce, "Hamadu, ni ce. Ka ci abinci?"

Daga can aka ji saurayi ya fashe da kuka yana kiran uwarsa. Masu sayen makala suka yi cirko-cirko. Wani ɗan bensikin ya kashe babur, yana share ido da gefen riga.

Da aka gama waya, Iya ta jawo yarinyar ta rungume ta. "Allah ya yi miki albarka, jikata. Na yafe miki."

Baba ya dafa kan 'yarsa. Ya ce, "Da kika gina shafin nan na yi alfahari da ke. Yau alfaharin ya fi na da."

Ta ce, "Baba, na gane. Abin da mutane suka ba ka amana, ka adana shi wuri biyu, kuma ka adana shi yau. Labarin da wani yake jira kuwa nasa ne. Ba a riƙe shi don a sami yabo."

Bayan mako biyu Hamadu ya iso Duwala. Iya Hapsatu ba ta soya makala ba ranar. Ta zauna a gaban shago, hannunta cikin na ɗanta, duk wanda ya wuce sai ta kira shi ya zo ya gani.