Autar Baba da Mai Majigi

"Wato dai amsar ke nan, a'a?"

Auta ba ta ɗago ba. Suna tsaye a baranda, ƙofar falo a buɗe a bayanta don kunnenta ya kasance wajen Baba.

"Ni ban ce a'a ba..."

"Ba ki ce e ba kuma! Ƙarshen watan nan suke so in fara aiki. Na ce a ɗaura mana aure mu tafi tare, kin ce Baba. Na ce to mu tafi da Baba, kin ce Yaya. Ni ina zan sa kaina, Autata?"

"Don Allah rage murya, zai ji."

Saurayinta ya kalle ta. Ta rame, ƙasan idanunta ya yi baƙi, hannuwanta duk sun bushe da wanki.

Mai Majigi ake ce masa, saboda wani ɗan ɗaki da ya kama a bayan shagon gyaran waya. Ya jera kujerun roba, ya rataya farin ƙyalle a bango, duk ƙarshen mako yana haska fim. Ba irin waɗanda ake rububi ba. Ƙananan fina-finai ne da masu ƙaramin ƙarfi suka haɗa da kyamarar aro, babu jarumin da aka sani, babu talla. Sau tari kujerun sun fi mutanen yawa. A nan suka haɗu, ranar da ruwan sama ya koro ta ciki. Fakewa ta shiga yi, sai ga ta tana sharɓar kuka a kan labarin wata direbar bas da idanunta suka fara mutuwa, tana ɓoye wa kowa don kada a raba ta da aikin da take ciyar da 'ya'yanta.

"Me ya sa ban taɓa jin labarin fim ɗin nan ba?" ta tambaye shi ranar.

"Don babu wanda ya daki wani a ciki," ya ce yana dariya. "Ki dawo mako mai zuwa, akwai wanda ya fi shi."

Ta dawo. Ta yi ta dawowa, har ranar da Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye.

Mama ta daɗe da rasuwa. Yaya Babba yana can wata unguwa da matarsa da yaransa, Yaya Ƙarama tana aure a nesa. A asibiti yayyen nata suka yanke magana ba tare da sun tambaye ta ba.

"Ke ce ba ki da nauyin kowa, Auta. Ki ɗan riƙe shi kafin mu ga yadda za a yi."

Ta ajiye aikinta na kantin magani. Tun daga nan duniyarta ta koma ɗakin Baba, banɗaki, kicin, sai wannan baranda. Ko shagon bakin layi za ta je, da gudu-gudu take dawowa.

Da ta daina zuwa kallo, sai kallon ya biyo ta gida. Mai Majigi ya riƙa kawo mata fina-finan a filashi. Abin mamaki, Baba da a da yake cewa fim shashanci ne, shi ya fi ta kamuwa. Masu harbe-harbe da ihu juya masa kai suke yi, amma waɗannan a hankali suke tafiya, kamar yadda shi ma ya koma. Akwai na wani tsoho da ya dage sai ya koyi iyo bayan ruwa ya ci ɗansa. Baba ya kalle shi har ƙarshe, ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Ƙa...ra."

Yanzu wani gidan sinima a babban birni ya nemi Mai Majigi ya je ya riƙa zaɓa musu irin waɗannan fina-finai. Burinsa ke nan tun yana yaro.

Ta gwada Yaya Babba a waya, ko zai yarda idan an ɗaura auren su tafi da Baba.

"Ubana a gidan suruki? Ina raye? Me kike so mutane su ce?"

"To Yaya ka ɗauke shi wajenka mana..."

"Kin san matata ga yara ga aiki. Ki ƙara haƙuri, lada kike samu. Ina cikin taro, zan kira ki."

Bai kira ba.

Ranar tafiyar, Mai Majigi ya biyo da jakarsa a kafaɗa. Ya shiga ya durƙusa gaban Baba, Baba ya dafa masa kai ya daɗe bai ɗauke hannu ba. A baranda ya miƙa mata filashi.

"Na zuba miki duk waɗanda na fi so."

"Ka je kawai," ta ce. "Kada ka jira ni. Ban san ranar da zan fita daga gidan nan ba, kuma... kuma idan na ce ina jiran ranar, ka san abin da nake jira ke nan. Ba zan iya yi wa Baba wannan fatan ba!"

"Auta..."

"Don girman Allah ka tafi!"

Ta shige ta turo ƙofa. Da ta juyo, idon Baba na kanta. Ta ƙaƙalo murmushi ta ce ƙura ce ta faɗa mata a ido.

Ya yi ta kira, ba ta ɗauka. Ya turo saƙo: "Farin cikina, ko gaisuwa ce ki amsa." Ta karanta ta kife wayar. Gani take idan ta ji muryarsa, bangon gidan zai ƙara matse ta. Ta ci gaba da juya Baba, shafa masa mai a baya, niƙa ƙwayar magani a cokali, shanya zannuwan gado. Wani lokacin takan tsaya da bokiti a hannu ta rasa ina za ta.

Wata ranar hutu da hantsi, Yaya Babba ya zo dubiya da ledar lemo. Kamar kullum, a hannun kujera ya ɗosana, makullin mota na yatsansa.

"Baba ya jiki? Alhamdulillahi, ka yi kyau! Auta, sannu da ƙoƙari. Bari in gudu, akwai..."

Caraf Baba ya cafke masa wuyan hannu da hannun hagu.

"Zau...na."

Ya nuna talabijin da haɓa. Auta ta kunna fim ɗin da ke biye a filashin. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne da suka gaji shagon aski, ba sa ga maciji da juna, amma dole kullum su tsaya kafaɗa da kafaɗa gaban madubi ɗaya.

Yaya ya yi ta mutsu-mutsu. Wayarsa ta yi ƙara, Baba ya ƙara matse hannun.

"Wai wannan wane irin fim ne? Tun ɗazu mutum yake share gashi a ƙasa! Ba waƙa, ba faɗa, shi jarumin ma ko wanka bai yi ba!"

"Haka suke, Yaya. Sai ka ba su lokaci."

Ya ja tsaki. Amma da aka zo inda ƙanin ya zauna a kujerar aski, wan ya ɗauki reza ya fara gyara masa gemu ba wanda ya ce uffan, sai Auta ta lura Yaya ya bar kaɗa makulli.

A daidai nan Baba ya yi wani ɗan nishi da ta sani sarai. Ta miƙe da sauri, amma ta makara, zanen da ke cinyarsa ya riga ya jiƙe.

"Yaya ɗan ba mu wuri, in gyara shi."

"A'a!"

Tun da ya kwanta ba ta taɓa jin muryar Baba da ƙarfi haka ba. Ya kalle ta, ya nuna mata kujera. Sannan ya juya ga ɗansa.

"Kai."

"Baba ni? Ai ban san yadda..."

"Kai!"

Yaya ya ajiye makullin. Ya sunkuya ya ciccibi mahaifinsa zuwa banɗaki, har ya yi taga-taga don bai zaci nauyin ya kai haka ba. Auta na zaune tana jin ƙarar ruwa, da faɗuwar buta, da muryar Yaya yana "Sannu Baba... yi haƙuri Baba... riƙe wuyana." Duk jikinta na so ta tashi. Ta danne hannuwanta a ƙarƙashin cinya.

Sun daɗe kafin su fito. Ya kwantar da Baba, ya dawo falo rigarsa sharkaf, idanunsa jajir. Fim ɗin ya ƙare, sunaye ne kawai ke hawa.

"Ke kaɗai kike ɗaga shi?"

Ta gyaɗa kai.

"Kullum?"

Ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa.

Yaya ya zauna a ƙasa, ya dafe kai. "Ya yi min magana a ciki. Da ƙyar na gane. Cewa ya yi, 'Sake ta.'" Ya share fuska da jiƙaƙƙen hannun riga. "Na cuce ki, Auta. Wallahi na cuce ki, ina ta kiran abin lada. Zan dawo gidan nan da iyalina, ɗakuna ga su a rufe. Ba zai zo wa matata da sauƙi ba, amma ubana ne. Ki koya mana komai kafin ki tafi."

"In tafi ina, Yaya?"

"Ke ma kin sani. Yaron nan mai fina-finan barci... Allah Ya sa bai gaji ba."

Ta leƙa ɗakin Baba. Ya rufe ido kamar mai barci, amma hawaye na gangarowa ta gefen kunnensa. Ta durƙusa ta goge masa, ta kifa goshinta a tafin hannunsa.

Sai da ta wanke fuska sannan ta ɗauki waya ta kira Mai Majigi. Bugu ɗaya ya ɗaga.

"Auta? Lafiya? Baba ne?"

"Baba lafiya lau." Ta haɗiye kuka. "Ka kama gida?"

"Ina kan nema... me ya faru?"

"To ka nemi na ƙasa, ban da bene. Kuma mai ɗaki biyu."



"Autata, kada ki yi min wasa da rai..."

"Ba wasa nake ba. Baba zai riƙa zuwa mana hutu, ka san ba zai iya hawa matakala ba."