Tsagaggiyar Butar Shayi

A garin Ballarat akwai wata yarinya 'yar shekara tara. Gidansu ya cika da tsofaffin kaya har ba wurin ajiye mota. Sai iyayenta suka ce ranar Asabar za su yi gwanjo a ƙofar gida.

Tun ranar Juma'a Baba ya rubuta sanarwa a kan kwalaye, ya ɗaura a jikin falwayoyin unguwa. Mama kuma ta ware wa yarinyar tebur guda. Ta ce duk abin da ta sayar a kansa, kuɗin nata ne. Yarinyar ta yi murna, don ta daɗe tana son takalmi mai taya.

"Duk wanda ya tsaya, ki gaishe shi, ko da bai sayi komai ba," in ji Mama. "Idan an yi miki tayin banza, kada ki ɓata rai. Ki yi murmushi ki ce albarka."

"To, Mama."

"Abin da ya lalace kuma, ki gaya wa mai saye tun kafin ya biya."

Suna cikin jera kaya, sai yarinyar ta ga wata butar shayi ta tangaran. Shuɗiya ce, da zanen tsuntsaye a jikinta. Mama ta karɓa ta duba, ta nuna mata wata siririyar tsagewa kusa da mariƙi.

"Wannan ba za ta ɗauki ruwan zafi ba. Sa ta a kwandon kyauta. Wani zai dasa fure a ciki."

Da Mama ta shiga gida, yarinyar ta tsaya tana juya butar. Ta yi kyau da yawa a ce kyauta za a bayar. Ta ɗauki 'yar takardar farashi, ta rubuta dala biyar, ta manna ta daidai kan tsagewar. Sannan ta ɗora butar a bayan teburinta.

Ranar Asabar aka tashi da sanyi, amma mutane sun zo. Wani ya sayi kujera. Wata ta kwashe littattafai. Yarinyar tana gaishe da kowa, tana miƙa canji da hannu biyu.

Can sai ga Mista Brannock, wani tsoho da ke ƙarshen layinsu. Da can direban bas ne. Matarsa Lorna ba ta iya fita saboda ciwon ƙafa, shi ne ke yi mata komai.

"Ina kwana, 'yar kasuwa. Har kin yi arziki ko da saura?"

"Da saura, Mista Brannock," in ji yarinyar tana dariya.

Idonsa ya faɗa kan butar. Ya ɗauke ta a hankali.

"Lorna tana son tsuntsaye. Kullum tana bakin taga tana kallonsu. Butar nan lafiyarta lau ko?"

Yarinyar ta kalli takardar farashin. Ta waiga. Mama tana can tana ciniki da wata mata.

"Lafiya lau," in ji yarinyar.

Bai ko taya ba. Ya biya, ya rungume butar, ya tafi yana murmushi.

Washegari da hantsi Baba ya ce, "Zo mu cire kwalayen nan. Wanda ya ɗaura sanarwa, shi ke kwance ta."

Suka bi layi suna cirewa. Da suka kai ƙarshe, sai suka tarar da Mista Brannock a ƙofar gidansa. Hannunsa na dama a naɗe da farin bandeji.

"Me ya same ka haka?" in ji Baba.

"Ɗan ƙuna ne. Na zuba ruwan zafi a sabuwar butarmu, ina ɗagawa sai ta rabu biyu. Na dai gode da ban kai ta gaban Lorna ba." Ya dubi yarinyar. "Kada ki damu, 'yar kasuwa. Laifin idona ne, ya tsufa. Da na duba da kyau, da na gani."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Suka juya gida. Ba su yi nisa ba ta tsaya cik, hawaye suna zuba.

"Baba, ba laifin idonsa ba ne. Butar a tsage take, ni na rufe wurin da takarda. Ya tambaye ni, na ce lafiya lau."

Baba ya durƙusa a gabanta. Bai yi mata tsawa ba.

"Na ji daɗi da kika faɗa. Amma ba ni ne na ƙone ba. Wa ya kamata ya ji wannan maganar?"

"Mista Brannock."

"To, mu ɗauko Mamarki mu koma."

Mama ta saurari labarin duka. Sannan ta ɗauko butar ƙarfe mai kyau daga kicin, ta miƙa wa yarinyar.

A falon tsofaffin, Misis Lorna tana zaune a bakin taga da bargo a ƙafarta. Yarinyar ta ajiye butar da kuɗinsu a kan tebur. Ta juya ta fuskance su.

"Na san waccan butar ta tsage. Na ɓoye don in sami kuɗi. Ku yafe mini."

Mista Brannock ya dube ta.

"Ya yi zafi, ba zan ɓoye miki ba," ya ce. "Amma dawowar nan da kika yi ba ƙaramin abu ba ne. Na yafe miki."

"Matso kusa, 'yata," in ji Misis Lorna. Ta share mata hawaye da gefen bargo. "Yanzu ga matsala. Mai dafa mini shayi ya zama mai hannu ɗaya. Dama da hannu biyun ma shayin nasa salam ne."

"Shekara hamsin tana sha, tana kuma kushewa," in ji tsohon.

Kowa ya yi dariya, har da yarinyar.

Daga ranar, in ta taso daga makaranta, sai ita da Mama su biya gidan. Mama ta zuba ruwan zafi, yarinyar ta jera kofuna da biskit, ta wanke kwanuka. Bayan mako biyu hannun ya warke. Amma yarinyar ba ta daina zuwa ba, don ta yi sabon kaka da sabuwar kaka.

Ta kuma riƙe darasinta har ta girma. Idan za ka sayar da abu, ka faɗi aibinsa. Mai saye mutum ne kamarka, kuma lafiyarsa ta fi kuɗinsa daraja.