Damin Kala a Ranar Godiya

"Hwaɗa mini gaskiya, Maharazu... ina ka samo damin ga?"

Tasalla ta tare shi a bayan ɗakin addu'a. Lahadin godiyar kaka ce, ranar da Kiristocin Illela, gida bakwai kacal, kowa ke kawo damin gero daga gonarsa ya ajiye gaban Ubangiji, ya ba da waƙar yabo a amsa masa.

Maharazu kuwa ba shi da gona. Bara ya gudo daga Ƙonni, lokacin da Faransawa ke kwasar samari aikin hanya, ya zama ɗan dako a kasuwa.

"Tasallata, ke ma?"

"Dami guda ya ɓace gonar Baba. Ni kuma da idona na gane ka shekaranjiya, kana ratsa gonaki da buhu."

"Sai kinka ce ɓarawo?"

"Ban ce ba..."

"Idonki ya ce."

Ya saɓa daminsa ya shige, ya bar ta tsaye.

Cikin ɗakin an jera dammai gaban gicciyen kara. Baba Hamidu, mahaifinta, kukun Baturen kwastan, yana zaune gaba ya haɗe gira. Wata shida ke nan yaron na neman 'yarsa, wata shida shi kuma ba ya barcin kirki. Mutumin da ba a san gidansu ba, yaya za a ɗauki ɗiya a ba shi?

Halliru, mai ba da waƙa, wanda Tasalla ta ƙi tun bara, ya sunkuya kusa da kunnen Baba Hamidu, amma ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ikon Allah. Wanda bai taɓa riƙa hauya ba, ga shi da dami."

Kowa ya juyo ya dubi Maharazu.

Baba Hamidu ya miƙe. "Maharazu, nan ɗakin Allah ne. Ba a yi mishi godiya da kayan wani. In damina ne, ka aje shi ka fita, kuma kada in sake ganin ka ƙofar gidana."

"Ba naka ba ne, Baba."

"To na wa?"

Maharazu ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Shirun nan ya fi komi sukar Tasalla. Ta san geron gonarsu kamar tafin hannunta, doguwar zangarniya, duk kai ɗaya. Ta kasa jure zaman. Ta tsallaka daga layin mata, ta durƙusa gaban damin, ta kama igiyar.

"Ke Tasalla, mi kike yi?"

"Baba, gara in sani."

Ta kwance.

Damin ya watse a ƙasa. Masu kyan nan kaɗan ne, an jera su ta waje. Cikin kuwa guntaye ne, wata ta karye, wata tsuntsu ya ci rabi, ga maiwa, ga jar dawa, har da wadda ƙasa ta ɓata. Babu gonar da ke haifar irin wannan.

Wata tsohuwa ta leƙo ta ce a hankali, "Wanga ai kala ce."

Kala, abin da masu girbi suka bari a ƙasa, wanda ba a hana kowa tsinta, amma tsofaffin mata ne ke yi. Namiji mai ƙarfi ba ya so a gan shi.

"Mako ukku ina bin gonaki, daga Lafani har Gidan Katta," in ji Maharazu, bai ɗago ba. "Allah ya fisshe ni hannun Faransawa, ya ba ni jama'a. Ban iya zuwa gabanshi hannu sake. Kunya ta hana ni hwaɗi."

Hawaye suka zubo wa Tasalla.

"Ka gafarce ni, masoyina... na zarge ka."

"Kwance shi kinka yi, ke za ki ɗaure," ya ce, yana ɗan murmushi.

Baba Hamidu ya daɗe yana kallon guntayen. Ya dubi Halliru, Halliru ya kau da kai. Maganar damin da ya ɓace kuwa, Baba Hamidu bai sake tada ta ba.

"Yaro, kai za ka ba da waƙa ta farko."

Maharazu ya miƙe, ya buɗe murya:

"Kai ka aiko ruwa, Kai ka cika zangarniya,
Mai shuka da mai tsinta, duk Kai ka ciyar."

Ɗakin ya amsa, mata suka ɗauki tafi. Tasalla na durƙushe tana tattara zangarnun ɗaya bayan ɗaya, tana waƙa tana kuka.

Da aka tashi, Baba Hamidu ya riƙo hannun Maharazu a bakin ƙofa.

"Akwai gefen gonata da ya fi ƙarfina. Baɗi kai da matarka za ku nome shi."

"Matata, Baba?"

Tsohon ya nuna Tasalla da haɓa. "Ga ta can, ta ɗaure maka dami a karkace. Sai ka koya mata."